Kori da Giyar Ganga: Tambayoyi da Amsoshi kan Kewar da ke Damun 'Yan Birtaniya a Ƙasashen Waje

Duk wanda ya taɓa zama da Baturen Ingila a ƙasar da ba tasa ba ya san hira ba ta yin nisa sai ta gangaro kan abu biyu: a ina ake samun kori na kirki a garin nan, wato miyar nan mai yaji da kayan ƙamshi irin ta Indiya, kuma a ina ake samun giya irin ta gida. Na yi shekaru a Birmingham, daga baya neman abinci ya haɗa ni da mutanen a wasu ƙasashe, 'yan uwa kuma sun sha tambayata dalilin wannan naci. Giya dai ban taɓa kai ta baki ba, addinina ya hana, abin da na sani game da ita daga karatu ne da bakin masu sha. Kori kuwa na ci shi har ina iya bambance hannun wannan kuku da na wancan.

Kori ai abincin Indiya ne. Me ya kai Bature kewarsa?

Mulkin mallaka ne ya kai shi. Kamfanin East India ya karɓi takardar izinin ciniki daga Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a ƙarshen 1600, daga ciniki aka zarce mulki, Turawan Ingila ba su bar Indiya ba sai 1947. Duk tsawon wannan lokaci kuku ɗan ƙasa ne ke ɗora wa jami'in Bature tukunya, harshe kuwa idan ya saba da yaji ba ya son komawa lami. Waɗanda suka gama aiki suka koma gida da kwaɗayin abin. Tun 1747 an buga yadda ake dafa kori a littafin girke-girken Hannah Glasse. A 1810 wani mutumin Patna, Sake Dean Mahomed, ya buɗe Hindoostane Coffee House a Landan, gidan abincin Indiya na farko a ƙasar, amma kasuwa ba ta karɓe shi ba, cikin shekara biyu ya karye. Veeraswamy na titin Regent, wanda aka buɗe a 1926, shi ya yi tsawon rai.

Duk wannan abincin masu hali ne da tsofaffin ma'aikatan mulki. Kori bai shiga bakin direban bas da ma'aikacin masana'anta ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, kuma wasu mutane ne daban suka kai masa.

Su wane ne waɗannan mutane?

Galibin gidajen da allonsu ya ce abincin Indiya ake sayarwa ba na 'yan Indiya ba ne. Na 'yan Bangladesh ne, akasari daga yanki guda, Sylhet, a arewa maso gabashin ƙasar, kuma Musulmi ne. Kakanninsu ma'aikatan jiragen ruwa ne masu tashi daga Kalkata, su ke zuba kwal a ɗakin inji, aikin zafin da ba kowa ke iyawa ba. Wasu suka sauka a Landan ko Cardiff ba su sake hawa jirgin ba. Bayan yaƙi suka riƙa sayen ƙananan shagunan shayi da na soyayyen kifi da dankali, suna sayar wa Bature abin da ya saba, suna kuma ɗora tukunyar kori a gefe. Sannu a hankali kori ya ture kifin daga kan allo. A lokacin babu ƙasar da ake kira Bangladesh, sai 1971 ta samu 'yanci, shi ya sa sunan Indiya ya zauna.

Akwai kuma 'yan Mirpur, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, waɗanda ginin madatsar ruwan Mangla a shekarun 1960 ya tayar da garuruwansu, da yawa suka yi sansani a Bradford da Birmingham. A hannunsu aka samu balti a shekarun 1970, korin da ake dafawa a siririn kwanon ƙarfe mai hannu biyu, a kawo maka a cikinsa yana tafasa. Sannan a 1972 Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Yuganda, dubbai suka sauka Leicester da nasu girkin.

Wannan shi ne abin da na fi so a riƙe. Ɗanɗanon da Bature ke kira na gida idan yana nesa, baƙi ne suka tsaya a gaban wuta har ƙarfe biyun dare suka ƙirƙira masa, yawancinsu kuma sun sha zagi da wulaƙanci daga bakin mashayan da suke ciyarwa.

To me ya bambanta korin Birtaniya da na Indiya, tunda masu dafawar daga can suke?

Hanyar dafuwar ce. Wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya ya taɓa shigar da ni kicin ɗin gidan abincinsa ran Juma'a da daddare, a nan na gane sirrin. A kusurwa akwai wata ƙatuwar tukunya da aka ɗora tun hantsi: buhun albasa kusan guda, tafarnuwa, ɗanyar citta, kurkum, tumatir, ɗan karas da koren tattasai, da mai. An dafa su sun yi ligif, an markaɗe, abin ya koma ruwa-ruwa kamar kunu mai tsinkewa. Idan ka ɗanɗana shi haka nan ba za ka ji wani abin a zo a gani ba. Naman kaza da na rago kuma an riga an dafa su, suna ajiye a mazubi daban.

Da takardar oda ta iso, kuku ya ɗauki ƙaramin kaskon alminiyam da duk ya lotse saboda aiki. Cokalin mai, tafarnuwa, haɗin garin kayan ƙamshi, tumatirin gwangwani, busasshen ganyen hulba da ya murtsuke da yatsu. Sai ludayi ɗaya na ruwan albasar nan, ya buɗe wuta har harshenta na lasar gefen kaskon. Ba ya yawan juyawa. Yana bari gefe-gefen ya ɗan kama ya yi ja, ya kankaro shi ciki, ya ƙara wani ludayin. Kafin minti goma ya juye a kwano, ya jawo wani kaskon. Kasko huɗu yake lura da su a lokaci guda, gumi na zuba, bai ko ɗago kai ya dube ni ba.

Daga tukunyar nan guda ake fitar da komai. A sa kwakwa da kirim ɗin madara da sukari, ya zama korma. A ƙara barkono da lemun tsami, ya zama madras. A ninka barkonon a jefa dankali, ya zama vindaloo. Na ƙarshe a zafi shi ne phaal, wanda gidajen korin Birmingham suka ƙirƙiro. Wato a Birtaniya sunayen sun koma matakan tsani na yaji. A Indiya ba haka ba ne, kowace miya da asalinta, da yankinta, da lokacin da take ci a kan wuta. Vindaloo na asali abincin yankin Goa ne da ke yammacin Indiya, inda 'yan Fotugal suka yi mulki daga 1510 zuwa 1961, ana yin sa da naman alade da tafarnuwa da ruwan khal. Saboda haka Bature na iya zama a gidan abinci na gaske a tsakiyar Mumbai, a kawo masa girki mai kyau ƙwarai, ya tashi yana cewa bai samu abin da yake nema ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da yake nema yana cikin tukunyar albasar can.

Gaskiya ne a Birtaniya aka ƙirƙiri chicken tikka masala?

Gasasshiyar kazar dai, wadda ake jiƙawa a kindirmo da kayan ƙamshi a gasa a tanderu, tsohon abinci ne na Punjab. Tanderun nasu ɗan'uwan wanda ake gasa gurasa ne a Kano, burodinsu na naan ma a bangonsa ake manna shi. Miyar ja mai kirim da ake tsoma kazar a ciki ita ake jayayya a kanta. Labarin da ya fi yawo na marigayi Ali Ahmed Aslam ne, mai gidan Shish Mahal a Glasgow, wanda ya rasu a Disambar 2022. Ya ce wani mai saye ne ya yi ƙorafin kazar ta bushe, shi kuma ya haɗa mata miya da tumatirin gwangwani. Wasu na cewa jikar miyar kaza mai man shanu ce ta Delhi. A 2001 sakataren harkokin wajen Birtaniya na lokacin, Robin Cook, ya kira ta abincin ƙasa na gaskiya a wani jawabi, maganar kuma ta zauna.

Me ya haɗa kori da giya har kullum ake ambatonsu tare?

Agogo. Shekaru da yawa doka ta tilasta wa mashayu rufewa da ƙarfe sha ɗayan dare, ba a sassauta ba sai Nuwambar 2005. Mutane su fito da yunwa, gari duk a rufe, wutar da ke kunne kawai ta gidan kori ce. Haka daren Juma'a da na Asabar suka samu tsari: mashaya tukuna, kori daga baya. Har kasuwa ta buɗe a tsakanin abubuwan biyu. A 1989 Karan Bilimoria ya kafa kamfanin Cobra da nufin yin giyar da ba ta cika iska ba, don kada ta kumbura cikin mai cin kori.

Giya ai kusan ko'ina ana sayarwa. Me suke nufi da "mai kyau"?

Abin da ya fi yawa a duniya shi ne giyar da ake kira laga: ruwan zinare, sanyi ƙarara, cike da iska. Ita ce a Sifaniya, ita ce a Ostareliya, ita ce a yawancin Afirka. Wadda ɗan Ingila mai ra'ayin gargajiya ke nufi daban take, ita ce giyar ganga. Ana haɗa ta da tsiron sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, a ɗura a ganga ba tare da an tace ko an kashe yis ɗin da zafi ba. Tana ci gaba da nuna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashaya, ba a busa mata iska, da famfon hannu ake jawo ta. Sanyinta digiri 11 zuwa 13 ne, shi ya sa sauran Turawa ke tsokanar 'yan Ingila da shan giya mai ɗumi. Ma'auninta ma nasu ne, kofin da suke kira faint, mililita 568. A shekarun 1960 manyan kamfanoni sun kusa kashe wannan sana'a da giyar da aka tace, sai wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don ceto ta.

Amma da na saurare su da kyau, na lura rabin kewar ba ta abin da ke cikin kofin ba ce. Mashaya a wurinsu kamar majalisar ƙofar gida ce ko teburin mai shayi a wurinmu. Nan ake jin wanda ya rasu da wanda ya haihu, nan ake kallon ƙwallo, nan ake cin gasasshen naman ranar Lahadi. Suna da al'adar saye bi da bi, kowa ya biya wa duk teburin idan layi ya zo kansa, wanda ya zille kuwa sunansa ya ɓaci. Wani injiniya ɗan Yorkshire da muka yi aiki tare ya ce mini abin da ya fi damunsa a sabon wuri shi ne ya shiga ɗaki babu wanda ya ɗaga kai ya kira sunansa. Wannan kewa na san ta, ko da yake tawa majalisar ba ta da kofi sai na shayi.

Me ya hana a loda giyar gangar a jirgi a kai musu?

Ba ta jure tafiya. Da an huda ganga iska ta fara shiga, cikin kwana uku ko makamancin haka ta yi tsami. Tana son ɗaki mai sanyi daidai, da mutumin da ya iya kula da ita, da masu sha da yawa da za su ƙarar da ita da wuri. A garin da zafi ke kai digiri 40 babu ko ɗaya cikin ukun da ke da sauƙi.

Da can sun taɓa shawo kan matsalar. A ƙarni na 18 da na 19 ana aika giya zuwa Indiya ta teku, tafiyar watanni, a zagaya ta ƙarshen Afirka. Wadda aka cika wa hops ita ta fi isa lafiya, daga nan sunan IPA da ake kiran irin wannan giya ya fito, harafin farko na nufin Indiya. Garin Burton upon Trent ya yi suna da ita saboda sinadarin da ke cikin ruwan rijiyoyinsa.

A Turai fa, inda da yawansu suka koma, me suke tararwa?

Sifaniya ce babbar matattara, 'yan Birtaniya sama da 250,000 ke zaune a can, mafi yawa a gaɓar teku: Benidorm, Torrevieja, Fuengirola da kewaye. Wanda ya sauka nan bai rasa komai ba. Akwai mashayu masu allon Turanci, akwai gidajen korin da suka kwafo tsarin Birtaniya sak, har da fafadom, ɗan siririn wainar garin wake mai ƙaras-ƙaras, da miyar mangwaro mai zaƙi da ake fara kawowa. Masu kuka su ne waɗanda suka shige ƙauyukan ciki. Girkin Sifaniyawa ba ya son zafin barkono, don haka ko an samu gidan kori, kuku ya rage yaji domin 'yan gari. Dabarar da suka koya ita ce su gaya wa mai kawo abinci a dafa musu irin na Ingila, ko irin wanda kuku ke ci da kansa.

Faransa ta fi wuya. Yankin Dordogne cike yake da 'yan Ingila, ƙaramin garin Eymet har kulob ɗin wasan kurket gare shi, amma ƙauyen Faransa ƙasar ruwan inabi ce da cuku, barkono baƙo ne. A Faris akwai unguwar La Chapelle kusa da tashar Gare du Nord, inda Tamilawa suka cika, abincinsu na da kyau sosai, sai dai na kudancin Indiya da Siri Lanka ne, ba mai tukunyar albasa ba.

Ta fuskar giya kuwa, a Jamus da Beljiyam da Jamhuriyar Cek ƙorafi ba ya karɓuwa, don waɗannan sun daɗe ƙwarai a sana'ar. Dokar tsabtar giya ta yankin Bavaria na Jamus tun 1516 take, a garin Pilsen na Cek kuma aka fara yin laga mai ruwan zinare a 1842. Wanda ya je nan yana ƙunƙuni, sabo ne kawai ke damunsa.

Amurka da Ostareliya?

Ostareliya ce ta fi kowace ƙasa yawan haifaffun Birtaniya, sun haura miliyan ɗaya, da yawansu sun je ne bayan 1945 ƙarƙashin shirin da ake biyan fam goma kacal kuɗin jirgi. Can abincin Tailan da Biyetnam da Malesiya ne ya riƙe gurbin da kori ya riƙe a Ingila, giya kuma sai ta yi sanyin ƙanƙara ake kawo ta.

A Amurka abincin Meziko da na Sin ne abincin dare. 'Yan Indiya sun fara shiga da yawa bayan dokar shige da fice ta 1965, sun kuma zo da girkin yankunansu kai tsaye, ba su bi ta Birtaniya ba. A Jackson Heights na New York, ko titin Devon na Chicago, ko Edison a New Jersey, za a ci na Gujarat da na Punjab da na kudu, amma balti sai an tona. Ƙananan kamfanonin giya sun yawaita a Amurka tun shekarun 1980, sun farfaɗo da IPA, sai dai tasu ta fi ɗaci da ƙarfi da sanyi. Faint ɗinsu kuma mililita 473 ne, abin da ɗan Ingila ba ya gajiya da ambata.

Waɗanda ke aiki a ƙasashen Larabawa fa?

Nan al'amarin ya juye. Kori ya wadata har ya yi yawa, domin miliyoyin 'yan Indiya da Pakistan da Bangladesh ne ke riƙe da ayyukan yankin. A Karama ko Bur Dubai, da kuɗi kaɗan za ka ci korin kifi na Kerala ko biryani irin na Hyderabad da babu kamarsa a Ingila. Na ga 'yan Ingila da dama da suka zo suna neman tikka masala, bayan shekara biyu sun koma cin abinci da hannu a kan ganyen ayaba.

Giya ce ke da ƙa'ida. A Dubai ana sayar da ita a wuraren da ke da lasisi, da tsada, fita titi a buge kuma laifi ne. Sharja da ke maƙwabtaka ta hana gaba ɗaya, haka Kuwait. Saudiyya ta hana a 1952. Wasu kan haɗa tasu a ɓoye cikin gidajen ma'aikata, an kuma sha kama mutane a ɗaure ko a kore su. Ba na ganin uzurinsu. Wanda ya sa hannu a takardar aiki ya san dokar ƙasar kafin ya hau jirgi, kuma mai gida ya fi ƙarfin a raina masa doka a cikin ɗakinsa.

Ba za su iya ɗauko kayan daga gida ba idan sun je hutu?

Suna yi, kamar yadda namu ke cusa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a akwati. Nasu guzurin shi ne kwalaben haɗin kori na Patak's ko Sharwood's, da fafadom, da ganyen shayi. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rage musu hanya. Daga 1 ga Janairun 2021 an hana matafiyi shiga ƙasashen Tarayyar da nama ko kayan madara daga Birtaniya, a makonnin farko har burodi mai nama a ciki jami'an kwastan na Holan suka karɓe daga hannun direbobi. Busassun kayan ƙamshi ba su cikin wannan hani. Ostareliya kuwa ta fi kowa tsanani, duk abin ci sai an bayyana shi a takardar shiga, wanda ya ɓoye tara ce mai nauyi.

Ana iya dafa irin wannan kori a gida?

Ƙwarai, kuma nan ne mafi yawansu ke ƙarewa. Kayan duk akwai su a kasuwanninmu. A yanka albasa kilo ɗaya, a sa tafarnuwa dunƙule guda, ɗanyar citta kamar tsawon yatsa, karas ɗaya, koren tattasai ɗaya, tumatir uku, kurkum da garin kori cokali ɗai-ɗai, gishiri, da mai rabin kofi. A zuba ruwa ya rufe su, a dafa awa guda har albasar ta narke, a markaɗe, a ƙara ruwa ya tsinke, a mayar wuta sai mai ya taso sama. A raba a ƙananan robobi a sa a firiza.

Kuskuren da kowa ke yi a farko shi ne dafa na mutum shida a tukunya ɗaya. Ba ya fitowa. Na mutum ɗaya ko biyu ake yi a lokaci guda, a kasko marar kauri, da wuta mai ƙarfi, a riƙa zuba ruwan albasar ludayi-ludayi ana barin kowane ya ƙafe kafin na gaba. Busasshen ganyen hulba kuma kada a manta da shi, ƙamshin da ke tarar mutum a ƙofar gidan kori nasa ne.

Musulmi zai iya ci a irin waɗannan gidaje?

Galibi zai iya, domin masu su Musulmi ne kuma da naman halal suke aiki, amma a tambaya, kada a ɗauka. Cewa "Assalamu alaikum, naman nan halal ne?" ba ta ɓata wa kowa rai. Gidajen iri uku ne: masu sayar da giya, waɗanda ba sa sayarwa amma suna barin mai saye ya shigo da tasa, da waɗanda suka hana ta shiga sam. Na ukun sun fi yawa a Bradford, da titin Wilmslow na Manchester, da unguwannin Sparkbrook da Alum Rock a Birmingham, kuma su na fi zuwa da iyali. Abin sha a nan lassi ne, kindirmo da aka dama da mangwaro ko gishiri, wanda ya fi ruwa kashe zafin barkono. Inda ake buƙatar kula shi ne abincin mashaya: wani lokaci da giya ake kwaɓa fulawar soya kifi, akwai kuma fankason nama da ake dafawa da ita.

Shan giyar ba ya ƙaruwa idan sun koma waje?

Yana ƙaruwa ga wasu, kuma wannan ne ɓangaren da ba su cika son a taɓo ba. Mutum ya yi ritaya, ya sayar da gida ya koma gaɓar tekun Sifaniya, babu aikin safe, babu jikoki kusa, bai iya harshen gari ba, giya kuma ta fi ta gida araha. Wurin da zai ji Turanci shi ne mashaya, sai ya fara zuwa tun azahar. Manyan likitocin gwamnatin Birtaniya sun ba da shawara a 2016 kada mai sha ya wuce awo 14 a mako, kimanin faint shida ke nan, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2023 babu wani adadi da za a kira marar illa. Na san wani dattijo mai kirki da ya tafi da ƙafarsa, bayan shekara huɗu 'yarsa ta je ta ɗauko shi da ciwon hanta. Abin ya daɗe yana damuna.

Garin korin da muke sawa a dafa-duka yana da alaƙa da wannan?

Yana da ita. Uwar gida a Indiya ba ta san gari guda mai suna kori ba, kowace miya da haɗinta. Turawa ne suka haɗa shi wuri ɗaya don sauƙi, ana sayar da shi a Landan tun ƙarshen ƙarni na 18, ya bi jiragensu ya zaga duniya. Ta hannunsu ya shiga Japan a ƙarni na 19, har yau sojojin ruwan ƙasar na cin shinkafa da kori duk Juma'a. A Balin, Herta Heuwer ta barbaɗa shi kan tsiran Jamusawa a 1949. Mu kuma ya zauna mana a jalof da soyayyiyar shinkafa.

Idan sun koma gida, suna tarar da abin yadda suka bar shi?

Ba kullum ba. Mashayu sun ragu daga sama da 60,000 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 50,000 kafin 2020, wasu an mayar da su gidajen haya, wasu kantuna. Gidajen kori ma suna fama da rashin masu dafawa, saboda dokokin biza sun tsananta, 'ya'yan masu gidajen kuma sun yi karatu. Dattijon nan da ya shigar da ni kicin ɗinsa yana da 'ya'ya uku, ɗaya likita, ɗaya lauya, autar tana koyarwa. Na tambaye shi, "Baba, wa zai karɓi kaskon?" Ya ce ai don kada su karɓa ya yi shekara talatin a gabansa. Da na koma unguwar bara, shagon ya zama wurin gyaran waya, sai dai tsohon allon na nan a sama ba a cire ba, wani Bature mai furfura kuma yana tsaye da jakar tafiya a hannu yana tambayar yaron shagon inda mai gidan ya koma.